Wuƙar Bahago

Na sayar da buhu biyu na albasar Aliero,
na ƙulle kuɗin a haɓar zane,
na shiga kasuwar Jega da hantsi
ina neman abin da zan ba Arzika.
Hutunsa kwana tara ne. Shida sun tafi.

Daren jiya na tambaye shi,
yana zaune kan turmi yana kwance igiyar takalmi:
"Wai ku soja, mi kuke yi da wuƙa?"
Ya yi dariya har ya ƙware.
"Yaya, ba abin da kike zato ba ne.
Gwangwanin kifi. Igiyar tanti.
Ƙaya, in ta shige tafin ƙafa.
Rake, in Allah ya kawo mai rake."
Daga nan ya yi shiru,
ni ma ban tona shirun ba.

Cindo mai tebur ya zaro wata daga kwali,
'yar ja, sumul kamar tattasai,
ya dinga buɗe ta kamar kaza na miƙa fiffike:
ga almakashi, ga filaya, ga ɗan zarto,
ga abin kwance noti, har da na sakace.
"Wagga, Hajiya, shago guda ce a aljihu."
Na karɓa da hagu,
don ƙanena bahago ne;
duk dukan da Inna ta yi wa hannun nan
a bakin akushi, bai koma dama ba.
Na sa farce, ta ƙi buɗuwa.
Na sake, ta buɗe tana girgiɗi
kamar haƙorin tsohuwa.
Mai baki goma sha biyu, na ce a raina,
wanne zai faɗi gaskiya ranar da damina ta jiƙa ta?

Na bi ta 'yan kifi, na bi ta 'yan gishiri,
har inda zugazugi ke nishi.
Nomau bai ɗago kai ba.
"Ta fawa ko ta ɗaki?"
"Ta daji," na ce.
Sai ya ɗago.

Ya jawo guntun sifirin na tsohuwar mota,
ƙarfen da ya sha ramukan hanyar Koko
shekara ashirin bai karye ba.
"Tsawon tafi guda ya isa.
Doguwa ta 'yan burga ce,
sarƙe mutum take in ya zo durƙusawa.
Kuma ba ni goge ta.
Abin da ka ƙyalli cikin daji, ido shika kira."
Ƙota ta ƙirya. Ya ce a kawo hannun a gwada.
Na ce hannun na gida yana barci,
bashin wata goma sha ɗaya yake biya.
Amma na san shi, ni na riƙa ja shi zuwa firamare:
ya ɗara nawa da gaɓa guda,
da tabon lauje a gindin babban yatsa.
Nomau ya fere ƙotar, ya karkata ta hagu.

Baduku ya so ya yi mata tuntu, ja da kore.
Na ce a'a. Baƙar fata, ɗinki biyu,
maɗauki wanda zai shiga bel,
a kuma juya bakin kuben.
Ya ce, "Ko suna ba a sa ba?"
Na tuna yadda ake dawo da kayan mutum
cikin jaka, da sunansa a jiki.
Na ce kar a sa.

Da la'asar na zauna bayan ɗaki,
na ce bari in gwada kaifinta kafin in miƙa.
Na ɗauko albasa cikin ragowar buhu.
Ta ratsa ta ba ƙara, kamar ta san hanya.
Na ɗauko ta biyu.
Ta uku.
Arzika ya leƙo da mayafi a kafaɗa:
"Yaya, miyar mutum nawa za ki yi?"
Na share ido da bayan hannu,
na juya masa ƙota, tsinin yana kallona.
"Albasar bana," na ce, "ta cika yaji."