Jan Zare a Kan Sittin

Shekara talatin ina yankan cibi a Achida
kafin yarinyar nan ta zo da agogonta.
Na ce yarinya, don a haife na haife ta,
ko da yake Dakta Lubabatu suke ce mata,
daga babban asibitin Sakkwato.

Ba ta zo da allura ba.
Tabarma ta roƙa, ta zauna gefen gadon jego,
ta kwance zanen jinjiri,
ta zuba wa ƙirjinsa ido kamar mai gadin madara a kan wuta.
Leɓɓanta na motsi. Na ɗauka addu'a ce,
ashe ƙidaya.

Na ce, mutum ya ƙare boko kaf
ya dawo ƙirgar abin da Allah ya ba kowa kyauta?
Ba ta ɗaga kai ba.
"Inna, kyautar ce wasu ke samu da ƙyar."

Damina huɗu tana zarya,
Wurno, Rabah, har ƙauyukan da mota ke tsoro.
Takan rataya wani ɗan akwati a jikin azara,
wai yana shaƙar abin da jariri ke shaƙa.
Ranar da ta buɗe shi a gabana
farar audugar ciki ta koma gindin tukunya.
"Na kwana bakwai ke nan, Inna,
huhunsa kuwa bai cika tafin hannunki ba."

Ni ke hura wutar nan.
Ni ke toshe taga da tsumma kada sanyi ya kama mai jego.
Haka uwata ta yi, haka tata uwar.
Daren nan tuwo bai wuce mini ba.
Na kwanta ina lissafa su,
waɗanda suka kai suna da waɗanda ba su kai ba,
waɗanda muka ce iska ta ɗauke.
Ashe iskar ce muka hana su.

Ba ta ce mu bar jego ba, ta san mu.
Ta ce murhu ya koma tsakar gida, a zare tsumman taga,
uwa ta sha ɗuminta, ɗa ya sha iskarsa.
Da na ce ni ban san agogo ba
sai ta karɓi tasbahata
ta ɗaura jan zare bayan ƙwaya ta sittin,
ta saita wayar jikana ta riƙa kuka bayan minti guda.
"Kowane numfashi, ja ɗaya.
In yatsanki ya wuce zaren waya ba ta yi kuka ba,
sake ƙirgawa.
In ya kuma, kada ki jira asuba."

Ɗan Ige ne na fari, matar Nomau mai albasa.
Kwanansa uku. Haƙarƙarinsa na lotsawa
kamar zugazugin maƙeri.
Na wuce zaren, waya shiru.
Na sake. Shiru.
Kakarsa ta ce a turara masa hayaƙi,
na ce a tada babur.
Ban taɓa ɗaga wa Hajiya Tumba murya ba sai ran nan,
har yau gaisuwarmu a taƙaice take.

Bana shekararsa bakwai.
Shi ne wancan mai busa karan dawa a kan katanga,
ya hana unguwa barcin rana.
In an kawo mini ƙararsa
sai in ce ku bar shi ya busa.

An ce takardarta ta ƙetare teku,
likitocin da ba su san hanyar Achida ba suna ambaton sunanta.
Ni ban iya karatun ba.
Abin da na sani, jiya a gidan barka
na ji wata amarya, ko sunan Dakta ba ta taɓa ji ba,
tana tambayar ƙawarta:
"Kin buɗe taga? Kin ƙirga?"

Zaren ya koɗe, sau biyu ina sake shi.
Ko a lazimi, in yatsana ya iso wurin,
sai in tsaya
in kasa kunne.