Ɗaki Na 412, Cluj

Hawa na huɗu, gado huɗu, taga ɗaya.
Iska ma rabawa muke kamar gishiri:
abin da Ilinca ta fesar da tsakar dare
shi nake shaƙa da asuba.

An liƙa takarda a ƙofa: a bar taku biyu tsakani.
Na auna da ƙafata.
Daga gadona zuwa na Doina taku ɗaya da rabi,
rabin ma akwatinta ya cinye.

Mu ashirin da shida, wurin wanka ɗaya.
Famfo na uku kaɗai ke ba da ruwan zafi,
babu hannun da bai san kansa ba.

Bangon nan bai iya riƙon sirri ba.
Da can jitar Tudor ke hana mu barci,
yanzu tarinsa.
Littafi a buɗe a cinyata, ina ƙirgawa:
goma sha ɗaya. Shiru. Sha biyu.
Shirun ya fi tarin ban tsoro.

Ranar Talata Mama ta aiko kwali a motar Baia Mare:
gasasshen yalo da tattasai kwalba uku,
cuku a naɗe cikin jarida, safar ulu.
Na murɗe murfi, na kai hanci.
Wayam.
Na sake. Kamar mai sansanar gilashin taga.
Hayaƙin murhunmu, tafarnuwa, tafin hannun uwata,
duk suna cikin kwalbar,
ni ce ba na nan.

Ban faɗa ba.
Bari in rubuta shi a fili: kwana biyu ban faɗa ba.
Jarrabawa na tafe, na ce mura ce, sanyin Nuwamba ne.
Na taɓa famfo na uku,
na dafa ƙarfen matattakala,
na tsaya na yi wa Tanti Viorica sannu da aiki,
ita da bokitinta ruwan ɗorawa,
takunkumi a ƙarƙashin hanci
don tabaranta na yin hazo.
Ta ce na rame. Ta ciro tuffa daga aljihun rigarta.
Na karɓa hannu da hannu.

"Dawo gida," in ji Mama ta waya.
Gida akwai Kaka, shekara tamanin da ɗaya,
ƙirji kamar tsohuwar takarda.
Gaba kura, baya siyaki.
Na ce mata motoci sun cika.

Suka kai ni ginin can na ƙarshe, kusa da shara.
A ƙwanƙwasa sau biyu, a ajiye miya, a gudu.
Malami na magana a kwamfuta
sai fuskarsa ta daskare, baki buɗe,
na zauna ina kallonsa, mu biyu ba mai motsi.
Zazzaɓi kwana uku, ya kama gabansa.
Mu yara ne, aka ce, ba ya daɗewa a jikinmu.
Gaskiya ne. Wucewa yake yi ta cikinmu
kamar baƙon da ya tambayi hanya.

Da na koma hawa na huɗu
bokitin na nan a lungu,
tsumman gugar ya bushe ya ƙandare.
Wani saurayi ke share dakali, bai san sunan kowa ba.
Tana asibiti, aka ce, an sa mata bututu.
Bayan nan ba a ƙara cewa komai ba.

Doina ta ce: "Mutum ɗari uku ne a ginin nan,
don me sai ke?
Wa ya ga sawun iska?"
Na ce haka ne.
Tuffar tana bakin taga, ta yamutse,
na kasa ci, na kasa yarwa.

Jiya, bayan mako bakwai, hancina ya dawo.
Ba yalo ba, ba kofi ba, ba dusar ƙanƙara a kan rufi ba.
Ina hawa matattakala sai ya doke ni:
warin maganin goge ƙasa.
Na zauna a mataki na tara
har Ilinca ta zo ta same ni.