Hawayen Ƙafar Baya

Da hantsi Dogara ya shigo Panteka
da tsohuwar Fijo, akori-kura,
tana ƙamshin citta tun daga Kachiya,
tana gurnani ta baya kamar kare ya ga baƙo.
Ya ce, "Tanimu, ƙara mini man giya kawai,
lodi na jirana a Kawo kafin la'asar."

Na durƙusa.
Ƙafar hagu ta jiƙe sharkaf,
baƙin mai ya ranbaɗa wa taya kwalli.
Na ce, "Ƙarin mai a nan ɗiban ruwa ne da kwando.
Kashe ta. Nemi benci."

Lurwanu ya kawo jak, ya tokare da kututture,
don ban yarda da jak shi kaɗai ba
tun ranar da ya ci yatsun Barau biyu.
Noti huɗu suka fito da lallami,
na biyar sai da ya sha guduma.
Muka cire durom: birki ya sha mai ya ƙoshi.
Ashe da addu'a mutumin nan yake tsayawa a mararraba.

Na kama shaf na girgiza. Ƙwas, ƙwas.
Na ce, "Yaro, saurara.
Kowa sil yake zagi don shi aka gani da hawaye,
amma boris ne ya fara rawa a ciki.
Mai kuka daban, mai laifi daban."

Muka zaro shaf, dogo, mai santsi kamar tarwaɗa,
na wanke shi da fetur a gwangwanin madara,
na juya shi a rana,
sai hannuna ya tsaya.

Ga wani tabo nan kusa da mazaunin sil,
ɗan siriri, a karkace, kamar shasshawa.
Na san shi.
Ni na yi shi, ina ɗan shekara sha biyar,
ranar da kurfi ya kuɓuce mini a garejin Oga Jatau,
lokacin motar nan tana hannun wani mai burodi a Kakuri.
Na shafe wurin da giris, na yi shiru.
Oga ya rasu bai sani ba.
Ƙarfe kuwa bai manta ba:
shekara da shekaru yana cin leɓen kowane sil a hankali,
yau ya biyo ni har rumfata.

Lurwanu ya ce, "Oga, wane maƙetaci ya yi wannan?"
Na ce, "Miƙo samfefa."

Na goge, na goge, har farce ya daina tuntuɓe.
Tsohon boris ya fita yana ƙarar tsakuwa,
sabo ya shiga da bututun ƙarfe, bugu kaɗan kaɗan,
sai da sautin ya sauya daga fanko zuwa cikakke.
Sil kuwa ba a yi masa gaggawa:
na shafa wa leɓensa mai da ɗan yatsa,
na zaunar da shi daidai wa daida,
na ɗan matsar da shi gaba da tabon
kamar mai shimfiɗa tabarma nesa da gidan tururuwa.

Sabon birki. Man giya har ya leƙo bakin rami.
Ana kiran la'asar a masallacin masu walda
muka sauke ta ƙasa.
Dogara ya zaga da ita ya dawo yana dariya:
"Ta yi shiru kamar ta ci bashi!
Nawa ne?"

Na ce ya biya kuɗin kaya, ya bar na aiki.
Ya dube ni, ya dubi Lurwanu,
ya ajiye mana citta rabin tiya ya tafi.

Da dare ina wanke hannu da omo da yashi,
yaron yana tattara sufanu,
na ce, "Zo ka zauna.
Kurfin nan da kake riƙewa a karkace,
bari in gaya maka wanda ya fara."