Na Shida a Ɗakinmu

Ɗakinmu a Domayo, cikin Marwa,
taku bakwai ne a tsaye,
taku biyar a kwance, in ka cire wurin randa.
Mu biyar ke kwana ciki.
Na shida keken Mati ne.

Wanda ya riga shi a tsakar gida yake kwana,
ɗaure da sarƙa jikin dalbejiya,
har ranar da aka wayi gari
sarƙa na nan, bishiya na nan,
sawun taya ya bi ƙofar baya
ya nutse a yashin mayo.
Buhun albasa goma sha ɗaya muka ba da kafin a sayi wannan.
Tun ran nan Mati ya ce,
abin da ke ciyar da kai ba ya kwana da raɓa.

Bayan isha'i ake farawa.
Sifana na ƙarƙashin matashi.
A kwance ƙafar gaba,
a karkata kai hagu, a sunkuya,
feda ta gogi ƙyaure inda ta saba,
ta ci katakon har ta yi wa kanta gurbi.
Ilu ya kifa turmi ya hau, ya kama sirdi,
uban ya ɗaga,
ƙusoshi biyu a bango su karɓa.
Ƙafar da aka cire ta jingina da randa.
Duk ɗakin ita kaɗai ke kwana da sanyi.

Ni kam na gani.
Baƙin mai ya ɗiga a zanen fitata,
sabulu uku bai fid da shi ba.
Birki ya fizge min ɗankwali ba adadi.
Da damina lakar hanyar Miskin ta bushe a sama,
ta riƙa marmasowa kanmu cikin dare.
Na ce, Mati, ko tuwo na tuƙa warin roba yake.
Ya ce ai robar ce ta kawo garin.

Amma a nan Ladidi ta koyi ƙirge,
kwance rigingine, yatsa sama,
tana bin wayoyin ƙafar baya.
Talatin da shida.
Ɗaya ta karye, ta koyi ɗebewa.
In zafi ya hana barci, auta ya miƙa ƙafa
ya murza feda, taya ta juya,
ƙis, ƙis, ƙis.
Fankarmu ke nan: ba iska, sai murya.

Shekara tara.
Bana albasa ta yi kuɗi.
Alhaji Hamajoda ya bar mana lungun bayan madafi.
Mati ya sayo tsoffin kwano huɗu,
ƙyaure na fasasshiyar ganga,
kwaɗo na jaka biyu mai makulli uku.
Na kankare bango, na shafa farar ƙasa,
na rataya madubi a ƙusa ɗaya.
Ɗayar na bar ta,
ban san abin da zan ba ta ba.

Daren farko ɗakin ya yi faɗi kamar na mutane.
Auta ya miƙa ƙafa, ya shuri iska.
Mati ya fita ya taɓa kwaɗo, ya dawo.
Kare ya yi haushi can wajen gada,
ya sake fita.
Ta uku ban ji tashinsa ba,
sai dai na ji feda ta gogi ƙyaure
daidai gurbinta.
Ban ce uffan ba.
Na laluba cikin duhu na sauke madubi,
na kifa turmi, na kama masa sirdi.

Yanzu akuya ke rumfar, da buhun gawayi,
kwaɗon jaka biyu na gadinsu.
Jiya ma mai ya ɗiga a sabon zane.
Na yi faɗa,
daidai gwargwado.