Murya Babu Fuska

Bayan la'asar wuta ta dawo Maiwurno,
fanka ta yi tari sau biyu, ta kama juyi.
Hajja Kaltume na kan bencina tun azahar,
ta ƙulle filas a bakin mayafi
yadda ake ƙulle kuɗin cefane.

Daga Jidda ya zo, ta ce, a aljihun direba.
Haladu ne a ciki. Buɗe min shi.

Na soka, na danna sau biyu.
Allo ya yi baƙi ƙirin,
sai wasu zaruruwa masu launi suna rawa,
sannan murya ta ɓullo daga tsohuwar sifika:
Inna, ina wuni? Ya ƙafar taki?

Ta amsa masa. Wallahi ta amsa,
har da gyara zama.
Sai ta juyo gare ni: To, ina fuskar?

Na san ciwon.
Mudassir, yaron shagona, mai kunnen kiɗa,
ya taɓa ce wa kwamfutar nan
duk abin da ya zo ta miƙa wa manhajar sauti.
Ita kuwa ba ta da wayon tambaya.
An nuna mata ƙofa ɗaya, ta riƙe;
ko raƙumi ka kawo, ta nan za ta cusa shi.

Na danna linzami ta dama, na nemi wata.
Ta farko ta ce ba ta jin yaren fayil ɗin.
Ta biyu ta kawo hoto kore shar, yana tsalle,
leɓe ya motsa, magana ta biyo baya
kamar tsawa bayan walƙiya.
Mai jabana ta leƙo ta zuba mana kofi biyu.
Na Hajja ya huce a inda aka ajiye shi.

Can na tuna wata manhaja da na adana tun bara.
Na girka ta, na shiga saiti,
na warware umarnin Mudassir,
na ce mata: daga yau bidiyo naki ne.

Sai ga Haladu, amma a kwance,
a kaikaice ya riƙe wayar.
Kafin in juya hoton
Hajja ta riga ta kwantar da kunne a kafaɗa.

Ɗaki ne mai gadaje hawa uku,
rigar aiki ruwan lemo a jikin ƙusa.
Yana dariya, wai komai lafiya lau,
wai abinci sai wanda ya zaɓa.
Amma ƙashin wuyansa ya fito
kamar bakin kwalekwalen da ke ƙetare Nilu,
hannun hagu kuma bai bar bayansa ba,
minti huɗu cur.

Tsayar, ta ce. Na tsayar.
Ta matso har numfashinta ya dusashe gilashi,
ta ɗora yatsa inda hannun ya ɓuya.
Koma baya. Na koma.
Ƙara. Na ƙara.
Ta dube ni kamar akwai sauran maɓalli,
alhali ba a ƙera manhajar
da ke leƙa bayan mutum ba.

Ta koma benci, ta kurɓi kofin da ya huce.
Ɗana, ta ce, mayar da shi yadda yake ɗazu.
A murya ya fi ƙiba.

Aikin awa guda, na rushe shi da danni uku.
Zaruruwan suka dawo suna rawa.
Ya ƙafar taki? Da sauƙi, ta ce, da sauƙi.

An kira magariba ta ƙulle filas ta tafi.
Ta mance ban goge kwafin ba.
Na ja ƙofa rabi, na sake buɗe shi,
na rage gudun hoton, na zuba wa kafaɗar hagu ido
har wuta ta ɗauke.