Ciwon Hali

Ƙarfe biyun dare a Sheffield,
yayyafi na taɓa rufin asibiti
kamar mai tsince tsakuwa a faifan shinkafa.
Makullai a ƙuguna, rigar jinya a jikina,
shayin da na haɗa tun sha ɗaya ya huce.

Keeley ba ta barci.
Shekarunta ashirin da uku,
gashinta ja ne a wannan mako,
wancan makon shuɗi ne.
Ta ce ba ta san mai kallonta a madubi ba,
shi ya sa take sauya mata launi,
ko wata rana za su gane juna.

Jiya ta riƙe hannuna har ya yi gumi.
Ladidi, in ji ta, ke kaɗai ce mutum a gidan nan,
da ke kika haife ni da ban san ƙofar nan ba.
Yau na makara da minti bakwai,
bas ce ta tsaya a Hillsborough,
sai ga kofi ya wuce ta gefen kunnena.
Wai tun ranar farko ta ga cin amana a idona.

Likita Hallam ya rubuta a takardarta
da ƙananan baƙaƙensa masu kama da tururuwa:
tsoron a tafi a bar ta,
fushi mai kamawa kamar wuta a busasshen kara,
so har sama, ƙi har ƙasa, babu tsakiya,
da wani rami a ƙirji wanda ba ya cika.

Rigarta mai dogon hannu ce ko ɗaki ya yi zafi.
Ran da na wanke mata rauni na ga layukan,
tsofaffi farare, sababbi jajaye,
kamar lissafin bashi a bangon mai kanti.
Ban tambaye ta wa ke binta ba.

A Gumel kakata takan ce hali zanen dutse ne.
Takan faɗe shi in Baffa Ɗanjuma ya wuce,
shi da ke ɗaure mabuɗin ɗakinsa a cinya,
yana shinshina tuwon ƙanwarsa kafin ya ci,
yana ƙirga wa ya gaishe shi, wa ya yi murmushi, don me.
Mun ce baƙin hali ne, mun daina zuwa.
Ya rasu kwana biyu kafin a sani.
Ba wanda ya ce ciwo ne.
Ni ma ban ce ba, ina cikin masu dariya.

Ƙarfe huɗu ta fito ba takalmi,
ta zauna a ƙasa kusa da kujerata.
Ba ta ce yi haƙuri ba.
Ta ce: in kin tafi da safe, shi ke nan ko?
Na yago takarda na rubuta: takwas na dare.
Ta ce ƙarya ne.
Ta ninke ta sau huɗu, ta cusa a safa.

Da gari ya waye na bi ta tsohon gini.
Matakalarsa ta dutse ce,
tsakiyar kowane taki ya lotse kamar ƙwarya,
ruwan daren jiya ya kwanta a ciki.
Ba wanda ya taɓa sa masa guduma.
Sawu ne kawai, na masu zuwa aiki,
na masu dawowa gobe, da jibi.

Kaka, ban ce kin yi kuskure ba.
Ina tsaye ne dai a kan dutsen,
ƙafata ɗaya cikin ruwa,
ina lissafin bas ɗin da zan hau da yamma
don in iso kafin takwas.