Masu Jira Biyu a Baturiya

Kan gungumen giginyar da muka gitta a mashigi,
inda ruwa ke lasar gindin kacala,
na zauna da fatsata tun assalatu.
Lurwanu, ɗan ƙanwata, ya zo daga Dutse
da na'urar hoto mai dogon baki kamar zalɓe.

"Kawu, kar ka yi tari."
Ni da na shekara arba'in ina yi wa tarwaɗa shiru!

Kirinjijiya suka wuce da fito, bai ɗaga kai ba.
Dinya ta sauka, ya ce yana da ita tun bara.
Gauraka yake nema.
Na ce rabona da kukanta
tun uwarka na goye.

Hantsi ya dubi ludayi.
Tana saura biyu,
gorata ba ko karfasa.
Ya ce wuyansa ya ƙage, in riƙe masa na'urar,
na miƙa masa sandar fatsa.

Nan fa igiya ta miƙe.
Yaro ya kurma ihu, ya faɗa ruwa har ƙugu,
ihun ya tayar da abin da ke laɓe bayan kacala:
su biyu ne, da tukkun zinariya,
fukafukai kamar an baza babbar riga.
Yatsana ya danna abin da ya samu.

Da dare muka sha romon tarwaɗar Lurwanu.
Hoton nawa kuwa, sama ce a karkace,
sai ƙafa ɗaya, baƙa, tana ficewa ta gefe.
Ya ce zai goge.
Na ce bar mini ita.